Mun Raina Karenmu, Wasu Sun Yi Masa Takarda

Mun san wasu da sun ga kan wannan magana za su ce, to, yau kuma ƙungiya ta rasa abin faɗa ne sai zancen kare? An toshe burtali, an kore shanu, 'yan'uwanmu na arewa sun baro gidajensu, dusa da angurya sun yi tsada, su kuwa shugabanni suna can suna lissafin karnuka. Mun ji, kuma ba mu ce ƙarya aka yi mana ba. Amma a yi haƙuri a karanta, domin abin da ya sa muka ɗauko maganar nan ya taɓa ran yaro, ya taɓa saniya, ya kuma taɓa wani gado da muke zubarwa da hannunmu ba tare da kowa ya ƙwace mana ba.

Mafarin abin shi ne, kwanakin baya muna zaune a wata rumfa nan Zango ta Wagadugu bayan la'asar, ana jiran motar da za ta ɗauki shanu zuwa kudu, sai ga wani yaro ya biyo da wata karya doguwa, ja, mai farin ƙirji da fararen ƙafafu, ciki a ɗame, ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa. Wani saurayi ɗan dillali ya kwashe da dariya ya ce, "Kai, ku ji tsoron Allah ku ba ta abinci, yunwa za ta kashe ta." Ashe mai ita yana nan zaune cikinmu, wani dattijo Buzu da rikici ya koro daga yankin Udalan. Bai yi fushi ba, sai ya ce, "Yaro, wannan da kake gani ta sha nono da safe kafin kai ka karya. Haka Allah Ya halicce ta. Uwarta ta kamo mini barewa, kakarta ta kori kura daga garkena, kuma da muka gudo da dare ba mu ɗauko ko tabarma ba, ita ce ta biyo mu a ƙasa." Saurayin ya ce, "A gafarce ni Baba, ban sani ba."

Daga nan fa hira ta ɓarke, kowa ya kawo labarin nasa kare, har motar ta zo ba wanda ya lura. Abin da muka ji a wannan zama shi ne muka ga bai kamata ya tsaya a rumfa ba.

Wannan kare dai ba baƙo ba ne ga kowa a cikinmu. Buzaye suna ce masa idi ko oska, mu kuma mukan ce karen Buzaye ko karen farauta. Turawa sun raɗa masa suna Azawak, wato sunan kwarin nan da ke tsakanin Mali da Nijar, kwarin da ya ba mu jajayen shanun Azawak masu nono, waɗanda har yau ake kiwon irinsu a tashar Tukunus ta ƙasar Nijar. Ƙasa ɗaya ta fitar da saniyar da karen. Saniyar mun riƙe ta da daraja, muna sanin uwarta da ubanta, karen kuwa mun bar shi a bayan ruga yana lasar kasko.

To ga abin da wasu suka yi da shi. A farkon shekarun 1970 wani jami'in jakadancin ƙasar Yugoslabiya mai suna Dakta Pecar, wanda ya yi aiki a nan tun ana kiran ƙasar Haute-Volta, ya tafi da waɗannan karnuka gida, sojoji da ma'aikatan Faransa su ma suka tafi da wasu. A farkon shekarun 1980 babbar ƙungiyar masu karnuka ta duniya da ake kira FCI ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa, aka rubuta masa takarda mai lamba 307. A cikinta an faɗi cewa namiji tsayinsa santimita 64 zuwa 74 ne, nauyinsa kilo 20 zuwa 25, mace kuwa santimita 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20, har da inda farin gashi ya kamata ya kasance a jikinsa. Ya isa Amurka a shekarun 1980, kuma a shekarar 2019 babbar ƙungiyarsu ta can, AKC, ta shigar da shi cikin littafinta. Jama'a, karen da yaranmu suke jifa da hoge, shi ne ake ɗinka wa riga saboda sanyi a Turai, ana zagayawa da shi a filin gasa, alƙalai suna ba shi maki.

Ba mu ce sun yi laifi ba. Wanda ya ga abu mai kyau a ƙasa ya ɗauka ya share ba ɓarawo ba ne. Abin da ya ba mu dariya kawai shi ne, bisa takardar Turai akwai launukan da ba a yarda da su ba, alhali kuwa a rugagen Markoye da Tin Akof da Gorom-Gorom an san wannan kare da launi iri-iri tun kaka da kakanni. Wato sai ka ga kare an haife shi a gindin tantin Buzu, iyayensa kaf a nan suka tashi, amma takardar da aka rubuta a wata ƙasa ta ce ba na asali ba ne.

Sai dai akwai darasi a abin da ya same su, kuma darasi ne da kowane makiyayi ya sani. Karnukan da aka fara kai wa Turai 'yan kaɗan ne, aka yi ta haɗa dangi da dangi. Mu mun san abin da yake faruwa in aka bar bijimi ɗaya yana barbarar 'ya'yansa da jikokinsa: 'yan maruƙa su riƙa fitowa ba ƙwari. Masu wannan kare a can suna kukan farfaɗiya da ciwon da ke taɓa ƙwayar maƙogwaro, wadda likitoci ke kira tayirod, da wasu cututtuka da jiki ke yaƙar kansa. Shi ya sa tun cikin shekarun 1990 aka kafa wata ƙungiya mai suna ABIS, wato Association Burkinabé Idi du Sahel, aka riƙa tafiya har arewa ana neman sabon jini. Ashe ke nan rijiyar tana wurinmu, su guga kawai suka zura. In rijiyar ta ƙafe, ba su kaɗai za su ji ƙishi ba.

Kuma tana ƙafewa. Farin 1973 da na 1984 sun tarwatsa rugage, wanda ya rasa garke kuwa ba ya riƙe kare. Barewa ta yi ƙaranci, bindiga da babur sun maye gurbin farauta da ƙafa. Tun daga 2015 kuma rikici ya zo ya ƙarasa, har ƙidayar hukuma ta shekarar 2023 ta nuna mutane sama da miliyan 2 sun bar gidajensu a ƙasar nan. Jibo, wadda a da kasuwar shanunta ke cika da fatake daga ƙasashe maƙwabta, an datse hanyoyinta a 2022. Wanda ya tsira da ransa ya iso birni, in ma karensa ya biyo shi, cikin shekara biyu ya gauraya da karnukan unguwa, iri ya ɓace. Ga kuma wata al'ada tamu da ya kamata a sake dubawa: in karya ta haihu, akan zaɓi ɗan kwikwiyo ɗaya ko biyu, galibi maza, a zubar da saura. A da can akwai hujja, domin abinci kaɗan ne kuma karnukan suna da yawa. Yau fa? Ita wannan karya yawanci sau ɗaya take neman namiji a shekara, ba sau biyu ba kamar sauran. In kowa ya zubar da mata, wa zai haifi na gobe?

A zaman nan akwai wani ɗan'uwa da ya daɗe yana gadi a gidan wani Bature, ya ba mu labarin ɗan ƙaramin karen maigidansa, irin da ake kira teriya, fari mai ɗigon ja, bai kai ɗan akuya ba. Ya ce bai taɓa ganin abu mai zuciya irinsa ba, ɓera ko gafiya ba ta kwana a gidan, in ya ji motsi a rami sai ya tone shi. Haka ne kuwa, domin don wannan aiki aka yi irinsu a Ingila, su bi dila da ɓera har cikin rami, kuma wanda ya fi suna cikinsu an sa masa sunan wani limamin coci ne, John Russell, da ya rasu a 1883. Amma mai gadin ya ce rabin ran karen a wurin likita yake: yau kaska ta shige cikin gashi, gobe ƙoƙon gwiwa ya goce yana ɗingishi, in bazara ta yi kuwa sai a ɗakin sanyi. Mun faɗi wannan ne saboda mun ga wasu alhazanmu sun fara sayen karnukan waje don a ce suna da su. Wanda yake da rumbun dusa ɓeraye sun dame shi, ya sayi teriya, ba mu hana ba. Amma kada wani ya kai shi ruga ya ce zai bi shanu cikin ƙarangiya da rana tsaka, kada kuma a haɗa shi da namu a ce ana gyara iri. Karen bana shi ke maganin zomon bana, karen ƙasa kuma shi ya san zomon ƙasa.

Mun san abin da ke cikin zukatan wasu: ai kare najasa ne, Musulmi me ya haɗa shi da shi? Mu ba malamai ba ne, amma mun tambayi malamanmu na Zango, waɗanda iyayensu suka karantar tun a tsohon Zangon da aka tashe shi a 2003 don aikin ZACA. Sun gaya mana cewa a mazhabar Imamu Malik da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta riƙe shi don kiwo da farauta da tsaron gona. Suka tuna mana da aya ta 4 a Suratul Ma'ida da ta yi maganar abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, da karen Ashabul Kahfi, da hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Har suka ba mu labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin Risala da yaranmu ke karantawa a zaure, cewa shi ma ya ajiye kare a gidansa lokacin da tsoro ya yi yawa, da aka yi masa magana ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsa da abin da zai ajiye ya fi kare. Abin da addini ya ƙi shi ne ajiye shi don wasa da alfahari. To ashe ma mai teriyar ado ne ya kamata ya tambayi malam, ba makiyayi ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Wani Bafulatani daga wajen Dori ya ce wani baƙon kare ya shigo masa garke da dare ya ciji karsana a hanci, ya ga ciwon ƙarami ne ya manta. Bayan 'yan makonni ta daina ci, tana ta kuka ba ƙaƙƙautawa, yawu yana zuba. Ya ɗauka wani abu ne ya maƙale mata, ya naɗe hannun riga ya zura hannu har maƙogwaro, ga shi kuwa da tsagar ƙaya a yatsa. Allah Ya taimake shi wani ma'aikacin dabbobi ya zo wucewa ya ce masa maza ya nufi asibiti. Karsana ta mutu, ya sayar da rago ya biya allura da kuɗin mota. Duk wanda ke karanta wannan ya riƙe: saniyar da ke dalalar da yawu tana kuka, kada a sa mata hannu a baki, kada kuma a yi saurin yanka ta a kai wa mahauta.

Shi ya tsira. Mu kuwa mun taɓa zuwa ta'aziyya a wata ruga inda ɗan kwikwiyon gida ya yaƙushi yaro ɗan shekara bakwai da haƙori a hannu, aka ƙona gashin karen aka shafa masa, ciwo ya warke, kowa ya ce alhamdu lillahi. Bayan wata biyu yaron ya fara zabura, in aka miƙo masa ruwa sai ya ƙanƙame yana kuka alhali ƙishi na cinsa. Kwana huɗu ya yi. Ba mu manta da fuskar uwarsa ba, kuma ba mu iya gaya mata a ranar cewa da sabulu da allura da yana raye ba.

Wannan shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A wurinmu su waye waɗannan yara in ba masu bin tumaki da 'yan maruƙa ba? Ciwon yakan ɓuya wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, kuma da zarar alamunsa sun fito ba boka ba likita. Amma kafin su fito akwai magani tun 1885, lokacin da Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro mai suna Joseph Meister allura ya rayu. Abin yi ba shi da wuya: a wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na minti 15 cur, ba shafawa ɗaya ba, kada a ɗaure, kada a tura barkono ko toka, sannan a tafi asibiti a ranar. Allurar ba ɗaya ba ce, ana komawa, kuma wanda ya yi ta farko ya ƙi komawa ya yi asarar kuɗinsa. Karen da ya yi cizon, in na gida ne, a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10 zuwa 15. In ya mutu ko an kashe shi, kada a jefar, a sanar da likitan dabbobi, domin akwai ɗakin binciken dabbobi na ƙasa a nan Wagadugu inda ake duba ƙwaƙwalwarsa a tabbatar.

To amma me ya sa za mu jira sai an ciji yaro? Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na wuri rigakafi, ciwon yakan rasa hanyar yaɗuwa. Ba a Turai kaɗai aka gwada ba. A birnin Njamena na ƙasar Cadi an yi gangamin allurar karnuka kyauta a 2012 da 2013, aka wuce wannan adadi, ciwon ya lafa ƙwarai, sai daga baya ya sake shigowa ta karnukan da ke zuwa daga wajen birni. Wannan ya nuna aikin birni kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da ruga. Mu kuma makiyaya mun fi kowa sanin amfanin allura. Kakanninmu sun ga bushiya ta share garke a shekarun 1890, iyayenmu wasu sun riƙa ɓoye shanu in sun hango masu allura, amma da aka dage, a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. An sa shekarar 2030 a matsayin lokacin da ake son a daina mutuwa da cizon kare, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ana tunawa da wannan yaƙi. Mu dai ba mu ga an zo ruga an tuna da mu ba.

Saboda haka kiranmu ga hukumomin kiwo shi ne, tunda duk shekara ana fitowa allurar ciwon huhu ta shanu da ta annobar awaki da tumaki, motar tana zuwa, akwatin ƙanƙara yana zuwa, ma'aikaci yana zuwa, makiyayi ya taru da garkensa kuma karensa yana nan a gefe, to me zai hana a ƙara 'yan kwalaben allurar kare a cikin akwatin? Haka nan allurar mutane, cibiyoyin da aka fi sani suna Wagadugu da Bobo ne, mutumin da ke bayan Fada Ngurma ko Dori kuwa kafin ya haɗa kuɗin mota ya samu hanya kwanaki sun tafi. A kusanto da ita. Kuma muna roƙo da babbar murya a bar zuba guba a nama don kashe karnuka. Guba ba ta tambayar kare ko yana da mai shi, tana kashe na ruga mai tsaron garke, ta kashe ungulu da ke share mana mushe, bayan 'yan watanni kuma wasu karnukan da ba a yi wa allura ba su cike gurbin.

Namu laifin ma mu faɗa. Wani mahauci da ke zaman ya ce sau da yawa yakan buɗe tunkiya ko saniya ya tarar da ƙullutu mai ruwa a hanta ko huhu, ya yanke ya jefa wa karnuka. Nan ne ake shuka cutar. Tsutsar tana girma a cikin karen, ƙwanta ya fita cikin kashinsa ya zauna a ciyawa da bakin mashaya, dabba ta ci, yaro ya taɓa ya sa hannu a baki. Haka tunkiyar nan da kan riƙa juyawa wuri ɗaya kamar mai jiri, tsutsa ce a ƙwaƙwalwarta, in aka ba kare kanta ɗanye an sake ɗaura zagayen. A binne irin wannan nama da zurfi ko a ƙone, a riƙa ba kare maganin tsutsa daga wurin likita. Kuma don Allah a daina yi wa kare allura da ragowar maganin shanu. Maganin sammore da ake kira diminazin, kaɗan ya wuce ƙima yana taɓa ƙwaƙwalwar kare ya kashe shi, kuma wani daga cikinmu ya yarda a gaban jama'a cewa da hannunsa ya kashe nasa ta haka. Magungunan ciwon kai na mutane su ma guba ne gare shi. Shi wannan dogon kare ba shi da kitse, ko maganin barci na fiɗa akwai wanda yake daɗewa bai sake shi ba, sai likita ya san irin da ya dace.

A namu ɓangaren, mun shawarta cewa daga bana duk reshen da zai ƙirga dabbobin mambobinsa kafin allura ya rubuta har da karnuka, a yi wa kwikwiyo tun yana wata 3, a maimaita kowace shekara, a ajiye katin tare da na shanu. Wanda karyarsa ta haihu ya bar mace ko ɗaya ce, in ba zai iya riƙewa ba ya sanar, akwai masu so.

Shi kuma dattijon nan na Udalan ya bar mana saƙo. Ya ce karyarsa bayan damina take neman namiji, bara ya ɗaure ta a ɗaki har lokacin ya wuce don kada karnukan unguwa su same ta, kuma shekarunta sun fara ja. Duk wanda yake da namiji na asali, ko ya san mai shi, a karar Tangin ko Puytenga ko Fada, ya aiko da magana ta hannun sakataren reshensa kafin ruwa ya ɗauke. Ya ce ba kuɗi yake nema ba, za a raba 'ya'yan.